Digiri na biyu kan lafiyar tsofaffi ta intanet: yadda na same shi daga Kaduna

Shirin da nake bitarsa a nan digiri na biyu ne a fannin nazarin tsufa da lafiyar tsofaffi, wanda wata jami'a ta Ingila take koyarwa ta intanet ga ma'aikatan da ba su da halin ajiye aiki su tafi karatu ƙasar waje. Na yi shi ina zaune a Kaduna, ina kuma ci gaba da aikin jinya a ɗakin kwantar da manya na wani asibitin gwamnati. Ba zan kama sunan jami'ar ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma shirye-shirye irin wannan sun yi kama da juna ƙwarai a tsari, ta yadda mai duba kowanne daga cikinsu zai iya auna shi da abin da na gani. Ra'ayina shi ne, karatun ya cancanci wahalarsa ga wanda tsofaffi suke wucewa ta hannunsa kullum, saboda yana gyara yadda mutum yake duban tsoho marar lafiya. Sai dai tsohon da aka rubuta darussan dominsa ba irin wanda ake kawo mana daga Rigasa ko Tudun Wada ko Kakuri ba ne, kuma aikin cike wannan giɓi a wuyan ɗalibi aka bar shi, ba tare da an rage masa ko sisin kwabo daga kuɗin makaranta ba.

Tsarin shi ne wanda jami'o'in Ingila suka saba da shi. Digirin gaba ɗaya kiredit 180 ne, kuma ana lissafa kowane kiredit a matsayin awa goma na karatu. Wanda ya tsaya a 60 za a ba shi satifiket, wanda ya kai 120 ya samu difloma, sauran 60 ɗin kuwa na kundin bincike ne. Mai aiki yakan raba shi cikin shekara biyu zuwa uku. Darussan sun ƙunshi yadda jiki yake canzawa da shekaru, da hanyoyin tantance lafiyar tsoho, da cututtukan mantuwa, da manufofin gwamnati kan tsofaffi, da dabarun bincike. Ba karatun likitanci ba ne, kuma ba ya ba kowa izinin rubuta magani. Shi ya sa ajinmu ya haɗa nas-nas da likitoci da masu gashin ƙashi da ma'aikatan jin daɗin jama'a daga ƙasashe dabam-dabam.

Darasin farko ya buɗe da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda suke cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050, kuma a 2050 ɗin kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ko matsakaicin arziki. Nan da nan na ga inda tamu matsalar take, domin rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka duk wani adadi na tsofaffinmu hasashe ne. A takarda dai ba a bar mu a baya ba: akwai dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021, kuma a shekarar ne gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai fito a darasin manufofi ba, ni na nemo su na shigar da su cikin rubutuna, ko da yake malamin da ya duba aikin ya karɓe su hannu bibbiyu.

Inda karatun ya biya ni kuɗina shi ne darasin tantance tsoho. A horonmu na farko an koya mana mu nemi cuta ɗaya mu yi maganinta, amma tsoho ba kasafai yake zuwa da cuta ɗaya ba, kuma cutar da ta kawo shi ba ta cika bayyana yadda littafi ya siffanta ta ba. Ciwon huhu yana iya zuwa masa ba zazzaɓi ba tari, iyaka ya daina cin abinci ko ya faɗi a banɗaki. Wani likitan Birtaniya mai suna Bernard Isaacs ya tattara manyan matsalolin tsofaffi wuri guda, wato kasa motsi, da yawan faɗuwa, da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, da rikicewar tunani, kuma darasin ya nace cewa kowace ɗaya daga cikinsu alama ce da ya kamata a bi sawunta, ba ƙaddarar shekaru ba ce da za a naɗe hannu a kanta. Haka nan aka koya mana ma'aunin rauni na Fried na 2001, wanda yake duba abu biyar: ramar da ba a neme ta ba, da kasala, da raunin damƙar hannu, da tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku daga ciki shi ne wanda ƙaramar rashin lafiya take iya kwantar da shi kwanciyar da ba zai tashi ba.

Abin da ya fi canza aikina shi ne bambance ruɗewar farat ɗaya da cutar mantuwa. Mu a nan duka biyun gigin tsufa muke ce musu, alhali ɗaya tana sauka cikin sa'o'i ko kwanaki, tana tashi tana kwantawa, kuma tana da sanadin da ake iya kawarwa, ɗaya kuwa tana tafiya a hankali cikin watanni da shekaru. Wata rana cikin zafin bazara aka kawo mana wani dattijo yana fizge-fizge, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, yana neman takalminsa wai zai tafi gona. Babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Sista, ai tsufa ne, mu dai a ba shi abin da zai sa ya yi barci." Na tambaye shi yaushe abin ya fara, ya ce shekaranjiya Baba da kansa ya je masallaci ya dawo. Wannan amsa kaɗai ta isa ta nuna cewa ba mantuwar shekaru ba ce. Da na ɗora hannu a mararsa na ji ta cika tam kamar ganga, kuma binciken da likita ya yi ya nuna fitsari ne ya toshe, bayan an sha ba shi maganin mura mai sa barci daga kemis. Aka sa masa robar fitsari, aka dakatar da maganin, aka ƙara masa ruwa, kafin a sallame shi kuwa shi ne yake yi wa jikokinsa faɗa kan hayaniya a ɗakin marasa lafiya. Da an ba shi maganin barcin da aka nema, da ruɗewar ta ƙaru, kuma da wuya a tuna da duba marar.

Darasin magunguna ma haka yake, kuma a ganina shi kaɗai ya isa dalilin yin satifiket ɗin. An gabatar mana da jerin Beers, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1991, da na STOPP da START na Ayalan na 2008, waɗanda suke nuna magungunan da ya kamata a yi hattara da su a jikin tsoho da waɗanda ake mantawa ba a ba shi. Ƙa'idar da na ɗauka daga nan mai sauƙi ce, wato a ce wa iyali su zuba duk abin da tsohon yake sha a leda guda su kawo, har da na gargajiya da tsarabar Makka. Abin da yake fitowa daga irin wannan leda yakan ba da tsoro. Na taɓa zazzage ta wata Hajiya a kan gado, na tarar da diclofenac da take saya saboda ciwon gwiwa, da ibuprofen da 'yarta ta aiko, da kwali biyu na amlodipine, maganin hawan jini, masu sunan kamfani dabam-dabam waɗanda take sha tare a zaton magunguna biyu ne, da kuma ƙwayar sa fitsari da aka ƙara mata saboda kumburin ƙafa. Kumburin kuwa amlodipine ɗin ne yake kawo shi, ƙwayar fitsarin tana tashinta cikin dare tana jiri, magungunan ciwon gwiwar kuma suna ɗaga hawan jinin da ake ƙoƙarin saukarwa, ga haɗarinsu ga ƙoda da ciki. Ta ce mini, "'Yata, ni duk wanda aka ce in sha, sha nake yi." Nas ba ta sauya magani da kanta, amma idan ta zo zagayen likitoci da jeri a rubuce da hujja a baki, ana saurarenta. Irin wannan ilimi ne yake sa mutum ya yi tambaya idan ya ga mai ciwon suga ɗan shekara 80 yana shan glibenclamide ga azumi ya kawo jiki, domin maganin yana iya saukar da suga ya daɗe bai tashi ba.

A kan ma'aunan tantancewa ne na fara ganin cewa ba mu aka ɗinka wa rigar ba. Gwajin tunani da aka fi sani, MMSE na 1975, maki 30 ne, kuma yana buƙatar mutum ya faɗi kwanan wata, ya riƙa cire 7 daga 100, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi wani zane. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana sayar da daddawa, wadda ba a taɓa cutarta a canji ba, za ta faɗi wannan gwaji warwas, don kawai ba ta taɓa riƙe biro ba, kuma kwanan watan da take lissafi da shi na Musulunci ne. Idan ka tambaye ta wane wata ake ciki ta ce na azumin tsofaffi, ta ba ka amsa daidai, amma takardar ba ta da gurbin wannan amsa. Abin da ya ba ni haushi shi ne, an yi aiki mai nauyi kan wannan matsala a cikin Najeriya. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka fara a 1992, ya yi amfani da ma'aunin CSI-D da aka tsara domin al'ummomi masu bambancin ilimin boko, wanda yake haɗa gwajin tsohon da tambayar wani na kusa da shi, kuma akwai ma'aunin IDEA da aka samar a Tanzaniya aka gwada shi a Najeriya. Duka biyun a jerin ƙarin karatu aka jefa su, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 60 cikin 100 na masu cutar mantuwa, waɗanda suka haura miliyan 55, a ƙasashe irin namu suke.

Ko shekarun tsohon ma aiki ne. Fom yana son ranar haihuwa, tsohon kuwa zai ce maka ya kai ɗari, ɗansa ya ce saba'in. A Kaduna muna da sa'ar abubuwan tarihi da kowa yake tunawa, don haka nakan tambaya ko an yi masa kaciya lokacin hawan dabar zuwan Sarauniya a 1956, ko tana da aure lokacin da aka kashe Sardauna a Janairun 1966, ko 'ya'ya nawa ta haifa lokacin da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973. Babu darasin da ya koya mini wannan, daga tsofaffin ma'aikatan asibiti na gaje shi.

Tsarin ICOPE na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar tsofaffi, wanda littafin aikinsa ya fito a 2019, ya fi sauran kusa da mu, kuma na yaba da yadda aka koyar da shi. Yana duba abu shida: tunani, da motsi, da abinci, da gani, da ji, da damuwa. Ana sa tsoho ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafa hannu ba, a tambaye shi ko ya rame da fiye da kilo 3 cikin wata uku, a yi masa raɗa a bayan kunne a ga ko zai maimaita. Duk wannan ana iya yin sa a ƙaramin asibitin unguwa. Amma ko a nan, rayuwar tsohonmu ba a kan kujera take ba. A tabarma yake zama, tsugunno yake yi a banɗaki, kuma sau biyar a rana yana ruku'u da sujada. Na ga tambayoyi uku sun fi ba ni labari a kan ma'aunin Katz na 1963 da na Lawton na 1969, masu auna yadda tsoho yake iya hidimar kansa ta yau da kullum: a tsaye Baba yake salla ko a zaune, yana iya alwala da kansa, kuma yaushe rabonsa da jam'i a masallaci. Ga Kiristoci kuwa nakan tambayi rabon Mama da zuwa coci da ƙafarta. Dole in yi wa karatun adalci a nan, domin shi ne ya koya mini cewa tambayoyin da na ƙirƙira, komai kyansu, ba su zama ma'auni ba har sai an gwada su a kan mutane da yawa an tabbatar da ingancinsu. Don haka ina amfani da su a matsayin ƙari, ba madadi ba.

Wani aikin gida da aka ba mu ya buɗe mini ido game da garinmu. An ce kowa ya zana hanyar da tsoho zai bi idan gwajin ya nuna matsala. Da na zauna zanawa sai na ga Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, da asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Garuruwa kaɗan ne suka tara irin waɗannan wuri guda. Abin da tsohon yake rasawa shi ne mutum ɗaya da zai riƙe labarinsa gaba ɗaya, ya san abin da likitan ido ya ce da abin da likitan suga ya rubuta, maimakon a bar jika ɗan sakandare yana yawo da katuna huɗu a aljihu. Wannan gurbi shi ne ainihin aikin da digirin yake shirya mutum ya yi.

Babban raunin shirin yana cikin darasin kulawa ta dogon lokaci. Makonni aka kwashe ana nazarin gidajen kula da tsofaffi, da yadda ƙaramar hukuma take auna dukiyar mutum kafin ta biya masa, da yawan ma'aikatan da ya kamata a ajiye a kowane sashe. Ilimi ne mai kyau ga wanda yake Manchesta. A Kaduna gidan kula da tsoho shi ne ɗakin da ke kusa da zaure, ko ɗakin Hajiya a tsakar gida, ma'aikatan kuwa su ne matar ɗa, da 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, da jikar da aka ce ta ɗan dakata da makaranta. Ɗan da zai kai mahaifinsa wani gida ya ajiye, ko da yana da kuɗin, sai ya shirya amsa tambayoyin dangi da na unguwa har ƙarshen rayuwarsa. Darasin bai san kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa ba, wadda take sa dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye ya kwana cikin fitsari, don ba zai yarda ta taɓa shi ba, 'ya'yansa maza kuma sun fita nema. Daga irin wannan ne gyambon kwanciya yake farawa. Bai kuma san tsoffin ma'aikatan masaƙun Kakuri ba, waɗanda kamfanoninsu suka rufe suna da sauran ƙarfi, suka tsufa a gidan haya nesa da garuruwansu na asali. A cikinsu ne na ga abin da littattafan suka ambata a taƙaice, wato mai cutar mantuwa yana iya sakin harshen da ya koya da girma ya koma na ƙuruciya, har tsohuwar da ta yi rayuwarta da Hausa ta wayi gari ba ta amsawa sai da Jju ko Tyap, harsunan kudancin Kaduna, jikokinta kuwa ba sa ji.

Haka ma'aunin Zarit, wanda ake auna nauyin da ke kan mai jinya da shi. Tambayoyinsa suna so mutum ya faɗi ko wanda yake jinya ya zame masa nauyi. Na gwada wannan a kan wata mata da ta shekara da shekaru tana ɗawainiya da mahaifiyarta, sai ta dube ni ta ce, "Subhanallahi, Sista, Inna ce fa. Ai aljannata ce." Gaskiya ta faɗa, kuma wanda ya tashi da ayar Suratul Isra'i da ta hana ko da cewa tir ga iyaye ba zai amsa wannan tambaya da wani abu dabam ba. Amma da na tambaye ta awa nawa take barci, da inda sana'arta ta ɗinki ta kwana, da wanda yake karɓarta idan za ta je unguwa, sai hawaye suka zubo. Na so a ce shirin da yake karɓar kuɗin ɗalibai daga Afirka da Asiya ya ware ko da mako biyu kan jinyar da iyali suke yi a gida, da matsayin addini a ciki, da kuma zargin maita da ake yi wa wasu tsofaffin mata masu cutar mantuwa idan aka tsince su suna yawo da dare. An kawo mana kiyasin cewa kusan mutum 1 cikin 6 na tsofaffi yana fuskantar wani nau'in cin zarafi, amma misalan duk na can ne.

Ta fuskar hidimar kanta, akwai yabo akwai suka. Laccocin an naɗe su, ana iya sauke su a saurara ba tare da intanet ba, wanda hakan ya cece ni a ranakun da aka ɗauke wuta ko data ta yi tsada. Laburaren jami'ar na intanet shi ne mafi darajar abin da aka ba mu, domin mujallun da mutum zai biya daloli kafin ya karanta muƙala ɗaya duk a buɗe suke, sai dai ana rufe ƙofar da zarar an kammala, don haka mai hankali ya tara abin da zai buƙata tun da wuri. Zaman kai-tsaye kuwa an tsara shi da agogon Ingila, wanda yake daidai da namu lokacin zafinsu, ya koma baya da awa ɗaya lokacin sanyinsu, kuma sau da yawa yakan faɗo daidai magariba ko lokacin miƙa aiki a asibiti. Malaman suna da ladabi, gyaransu a kan rubutu yana da zurfi, kuma su ne suka raba ni da al'adar jero abin da masana suka ce ba tare da auna hujjarsu ba. Makin cin jarrabawa 50 ne, 70 kuma shi ne daraja ta sama, kada wanda ya saba da manyan makuna ya karaya idan ya ga 58 a aikinsa na farko. Ofishin kuɗi ne ya fi ba ni wahala, domin saƙonnin gargaɗinsa na'ura ce take aikowa, kuma ba ta san cewa biyan kuɗin makaranta ta banki da fom A yana iya ɗaukar lokaci ba.

Maganar kuɗi ba ta wasa ba ce. Da fam ake biya, kuma duk wanda yake tsakiyar irin wannan karatu a Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ya ga yadda kuɗin darasi ɗaya ya ninka a hannunsa cikin 'yan watanni ba tare da jami'ar ta ƙara ko fam ɗaya ba. Abin da ya taimake ni shi ne damar biya darasi bayan darasi, da kuma izinin dakatawa na wani zango ba tare da asarar abin da aka riga aka ci ba. Duk mai niyya ya tabbatar shirin da ya zaɓa yana da waɗannan biyun a rubuce. Akwai kuma tallafin Commonwealth na karatu daga nesa, wanda yake biyan kuɗin makaranta ga 'yan ƙasashe irin Najeriya, amma kwasa-kwasan da yake ɗauka sukan canza daga shekara zuwa shekara, sai an duba jerin shekarar da ake ciki.

Kundin bincike shi ne inda ɗalibi yake fanshe abin da darussan suka rage shi da shi, in har ya dace da mai duba aiki mai sauraro. Nawa ya yarda in yi aiki kan masu jinyar tsofaffi a gida cikin unguwannin Kaduna, kuma ya tsaya mini lokacin da kwamitin ɗa'ar bincike na jami'ar ya nace sai kowa ya sa hannu a takardar amincewa mai shafuka da yawa cikin Turanci. Da ƙyar aka yarda da fassarar Hausa da dangwala yatsa a gaban shaida. Bayan wannan akwai izinin kwamitin ɗa'a na nan gida, da gaisuwar mai unguwa, da kuma maigidan da sai ya yarda kafin a shiga wurin matarsa. Jadawalin jami'ar bai yi lissafin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda haka wanda zai tattara bayanai a nan ya fara neman izini tun yana darasin ƙarshe, ya kuma kauce wa watan azumi, domin a lokacin masu jinya ba su da sukunin zama hira.

Akwai abin da allon kwamfuta ba zai koyar ba. Juya marar lafiya ba tare da an ji masa ciwo ko an karya bayan mai juyawa ba, da ciyar da wanda haɗiya take yi masa wuya, da gane gyambo tun yana jan tabo, duk sai a gefen gado. Wanda yake son wannan ɓangare ya haɗa karatun da neman zama na ɗan lokaci a wurin da aka keɓe domin tsofaffi, kamar Cibiyar Cif Tony Anenih da ke asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012.

Saura batun takardar. A wurin aikina ba ta ƙara mini mataki ko albashi ba, kuma har yanzu a jadawalin aiki ni nas ce kamar kowa, duk da cewa idan aka kawo tsoho mai rikitarwa ni ake kira. Wanda yake son digirin domin ƙarin girma ko koyarwa a jami'a ya fara zuwa wurin ma'aikatarsa ya ji a rubuce ko za ta amince da digirin da aka yi daga nesa, ya kuma binciki matsayin jami'ar a Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda take tantance takardun ƙasashen waje, kafin ya tura fam na farko. Wanda kuwa aikin asibiti ne a gabansa, kuma aljihunsa ba zai ɗauki 180 ba, ya yi rajistar kiredit 60 na satifiket, ya zaɓi darasin tantance tsoho da na magunguna da na cututtukan mantuwa, ya kuma tambaya tun kafin ya fara ko jami'ar za ta lissafa masa su idan ya dawo neman difloma bayan wasu shekaru, da kuma iyakar shekarun da take yarda a yi tsakani.